Tsofaffin Kuɗi A Ƙarƙashin Ƙasa: Ingila Na Biyan Wanda Ya Tono

A Ingila, dubban mutane sun mayar da yawo cikin gonaki da na'urar gano ƙarfe abin nishaɗi na ƙarshen mako. Mafi yawan abin da suke hakowa ƙusoshi ne da maɓallan riga, amma jefi-jefi akan yi dace. A 1992 wani mutum da ke neman gudumar da ta ɓace wa abokinsa a ƙauyen Hoxne ya ci karo da tarin tsabar kuɗin Rumawa da kayan azurfa da zinariya, aka biya fam miliyan 1.75 a kansu. A 2009 kuma Terry Herbert ya gano kimanin kilo 5 na zinariya a wata gona a Staffordshire, aka kimanta su a kan fam miliyan 3.285, wanda aka raba tsakaninsa da mai gonar.

Hikimar tana cikin dokar dukiyar da aka tono ta 1996. Wanda ya samu yana da kwana 14 ya sanar da hukuma, wani kwamiti ya yanke farashi bisa na kasuwa, gidan tarihi ya nemo kuɗi ya saya. Tsarin rajistar kayan da aka fara a 1997 ya riga ya rubuta abubuwa sama da miliyan ɗaya da rabi. Masana tarihi na ƙorafin cewa masu na'ura na ɓata wuraren bincike, kuma suna da hujja. Haka nan ba a rasa maciya amana: a 2019 an ɗaure wasu mutum biyu da suka ɓoye abin da suka hako a Herefordshire. Duk da haka, faɗin gaskiya ya fi riba a can, shi ya sa kaya ke isa gidajen tarihi.

Nijeriya ta ɗauki wata hanya dabam. Dokar soja mai lamba 77 ta 1979, wadda ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, ta taƙaita saye da sayar da kayan tarihi, ta kuma hana fitar da su waje ba da izini ba. Manufar tana da kyau, sai dai manomin da garmarsa ta hako gunkin Nok ya fi saurin ganin dillali da kuɗi a hannu fiye da jami'in hukuma. A shekarun 1990 an yi wa yankin Nok haƙa ba ƙaƙƙautawa, kayan suka ɓulla a kasuwannin Turai, har wasu aka baje kolinsu a gidan tarihin Louvre na Faransa a 2000.

Ya kamata hukumar ta samu asusu na musamman da kwamitin kimanta farashi, domin ta riƙa biyan mai gona da wanda ya tono kafin dillali ya riga ta isa ƙauyen.