Sharhi: Idan kwalekwale ya kife, wa zai biya wanda ya ji rauni?

Duk lokacin da kwalekwale ya kife a kogin Isa, labarin da ke iso mana kusan iri ɗaya ne: mutum kaza sun rasu, kaza an ceto, kaza ana nema. Hukumomi su je gaisuwa, a yi jana'iza, bayan kwana uku a shiga wata maganar. Waɗanda aka ce an ceto ɗin nan kuwa, ba a cika sake jin ɗuriyarsu ba. Alhali a cikinsu akwai wanda farfelar inji ta sare wa ƙafa, akwai wadda buhun masara ya danne har ta karye, akwai wanda ya sha ruwa har huhunsa ya taɓu, ga kuma jari ya bi ruwa. A kansu sharhinmu na yau ya tsaya. Shin doka ta ba su damar neman diyya? A wajen wa? Kuma me ya sa da wuya ka ji wanda ya samu ko dala?

Mai bibiyarmu daga Maraɗi ko Damagaram ko Tawa zai iya cewa wannan ai maganar mutanen bakin kogi ce. To, ba su kaɗai ba ne. Tun bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 aka toshe gadar da ta haɗa Gaya da Malanville, kuma ko da ƙungiyar CEDEAO ta ɗage takunkuminta a watan Fabrairu 2024, ɓangaren Nijar ya ci gaba da zama a rufe. Sai matafiya suka koma ruwa. Ɗan kasuwar Maraɗi mai zuwa Kwatano, ɗalibi, ɗan ci-rani daga Tawa, duk sai sun sauka daga mota a Gaya su hau kwalekwale, su da kayansu. Mutumin da bai taɓa shiga ruwan da ya kai masa ƙugu ba, yau shi ne a tsakiyar kogi.

Ko kafin haka ma, jirgin ruwa shi ne motar talakan bakin kogi. Kogin Isa ya ratsa ƙasarmu tsawon kusan kilomita 550, daga iyakar Mali zuwa iyakar Najeriya, amma gadojin da ke kansa ana ƙirga su da yatsun hannu: uku a Yamai, ga ta Farie, ga ta Gaya. Sauran jama'a, in za su kasuwa ko gona ko makaranta ko asibiti, sai dai jirgi. Kuma ba a manta da abin da ya faru a watan Fabrairu 2019 ba, lokacin da wani jirgi da ya taso daga ɓangaren Benin zuwa kasuwar Ouna ya kife a yankin Sambera na jihar Dosso, mutum sama da 40 suka ɓata.

Abin da doka ta ce

A takarda, haƙƙin wanda ya ji rauni a fili yake. Dokar zamantakewa da ake aiki da ita a Nijar, wadda ake kira Code civil, tana da ayoyi uku da ya kamata kowa ya sani. Aya ta 1382 ta ce duk wanda laifinsa ya jawo wa wani ɓarna, wajibi ne ya biya. Aya ta 1383 ta ƙara da cewa ba sai da gangan ba, sakaci da ganganci ma sun isa. Aya ta 1384 kuma ta ɗora wa mutum alhakin ɓarnar da abin da ke ƙarƙashin kulawarsa ya yi, da wadda yaronsa ya yi a bakin aikin da ya sa shi.

Wannan aya ta ƙarshe ita ce ke da nauyi a maganar jirgi. Sau da yawa mai tuƙin ba shi ne mai jirgin ba. Yaro ne da ake sallama da yamma, ba shi da komai sai rigar wuyansa. Mai jirgi da inji yana gida yana jiran kuɗin yini. To, doka ba ta ce a tsaya kan yaron ba, ana iya bin ubangidansa. Bayan haka, kuɗin jirgin da fasinja ya biya yarjejeniya ce: na biya ka, ka kai ni wancan ƙetare lafiya. In ba a kai shi lafiya ba, mai jirgin ne zai yi bayanin dalili.

Akwai kuma ɓangaren laifi. Dokar hukunta laifuka ta tanadi horo ga wanda ya kashe ko ya raunata wani ba da niyya ba, ta hanyar sakaci ko rashin lura ko karya ƙa'ida. Idan mai shigar da ƙara na gwamnati ya gurfanar da mai jirgi, wanda ya ji raunin yana da damar shiga shari'ar a matsayin mai neman diyya. Alƙali ɗaya zai duba laifin, ya kuma yanke abin da za a biya. Ga talaka wannan hanya ta fi sauƙi da araha, domin binciken hukuma ce ke yin sa.

Sai dai ba kowane hatsari ne ke ɗora wa mai jirgi biya ba. Idan abin da ya faru ya zo ne daga waje, ba a iya hangensa kuma ba a iya kauce masa, doka na iya sauke masa nauyi. Misali dorina. A watan Nuwamba 2014 dorina ta kifar da wani jirgi kusa da Libore, mutum 13 suka rasu, akasarinsu yara 'yan makaranta. Amma ko a irin wannan, alƙali zai yi tambaya: mutum nawa aka ɗauka? An san wurin da dorina? In kuwa iska ce, an ga hadari ya haɗo amma aka ce a tafi haka nan? Jirgin yana yoyo tun jiya ana kwarfewa da kwano? Inji ya saba mutuwa a tsakiyar ruwa? Da dare aka taso babu fitila? Kowace amsa tana iya maida abin da aka kira tsautsayi ya zama sakaci. Haka shi ma fasinja, in shi ya kutsa da ƙarfi bayan an ce jirgi ya cika, ana iya rage masa diyyar gwargwadon nasa laifin.

Inda gizo ke saƙa

To, in doka ta faɗi haka, ina matsalar take? Ta farko ita ce aljihun da za a biya daga ciki. Kwatanta da hatsarin mota. Nijar tana cikin ƙasashen yarjejeniyar CIMA da aka sa wa hannu a Yawunde a 1992, kuma aya ta 200 ta dokar inshorar ta wajabta asurans a kan duk abin hawa mai inji da ke tafiya a ƙasa. Shi ya sa in motar haya ta faɗi tsakanin Konni da Madawa, akwai kamfanin da za a tunkara, akwai kuma ma'aunin lissafin diyya, ko da ana shan wahala kafin kuɗin su fito. Kwalekwale ba ya tafiya a ƙasa, saboda haka wannan aya ba ta hau kansa ba. Mutum biyu su biya kuɗin tafiya rana ɗaya, ɗaya ya karye a mota, ɗaya a jirgi. Na farko yana da ƙofar da zai ƙwanƙwasa, na biyu sai dai ya dubi mai jirgi. Shi kuma mai jirgin, wataƙila dukiyarsa duka ita ce jirgin da injin da suka nutse. Ka ga ko an ci nasara a kotu, ana iya komawa gida da takarda kawai.

Matsala ta biyu ita ce shaida. A tashar mota akwai tikiti, wani lokaci har da rajistar suna. A mashigar jirgi kuwa hannu da hannu ne, ka miƙa kuɗi ka hau. Ba wanda ya rubuta sunanka, ba wanda ya ƙirga ku. Shi ya sa bayan hatsari ake jin "kimanin mutum ɗari", domin babu mai tabbas. Wanda ba shi da abin da zai nuna yana cikin jirgin, ta ina zai fara?

Ta uku ita ce iyaka. Tsakanin Nijar da Benin kogin ne kansa iyaka, kamar yadda Kotun Duniya ta fayyace a hukuncinta na 2005, wanda ya bar tsibirin Lete a hannun Nijar. Jirgi na iya zama na ɗan Benin, fasinja ɗan Maraɗi, hatsarin kuma a ruwan da sai an duba kafin a san na wa ne. Haka ma jiragen da ke sauka daga Gaya zuwa kasuwannin jihar Kebbi a Najeriya. Talakan da ke jinya ba ya da ƙarfin bin shari'a a wata ƙasa.

Ta huɗu tana cikin zukatanmu. Da an yi hatsari sai a ce ƙaddara ce, a yi haƙuri. Gaskiya ne, babu mai wuce ƙaddararsa. Amma addinin da ya koya mana yarda da ƙaddara shi ne ya shar'anta diyya a kisan kuskure, a aya ta 92 ta Suratun Nisa'i, malaman fiƙihu kuma sun yi bayanin diyyar raunuka dalla-dalla. Yafewa alheri ne in mai haƙƙi ya yafe don kansa, bayan ya san haƙƙinsa. Abin da ke faruwa sau da yawa shi ne, dangi su taru a kan mara lafiya yana kwance, a ce "ai ɗan'uwa ne, kar a ji kanmu", shi kuma kunya ta hana shi magana. Bayan wata shida, an sayar da akuya, an sayar da gona don magani, masu cewa a yafe kowa ya kama gabansa.

Abin da mai rauni zai yi tun kwanakin farko

Mafi yawan masu neman diyya suna faɗuwa ne tun makon farko, kafin ma su ga alƙali. Don haka ga abin da ya kamata dangi su riƙe.

A je asibiti ko da raunin kamar ƙarami ne, a nemi takardar shaidar likita da ta faɗi irin raunin da yawan kwanakin da mutum ba zai iya aiki ba. Ɗori na gida yana iya gyara ƙashi, amma kotu takardar likita take dubawa.

A tabbatar sunan mai raunin ya shiga rahoton jandarma ko 'yan sandan da suka yi bincike, a kuma shigar da ƙorafi. In shi ba ya iya tashi, wani nasa ya je.

A rubuta sunan mai jirgi da na matuƙi, da mashigar da aka taso, da lokacin tashi. A karɓi lambar waya ta mutum biyu ko uku da aka hau tare, domin gobe kowa zai koma garinsu. In akwai wanda ya ɗauki hoto ko bidiyo kafin a tashi, a adana, shi ne zai nuna yawan lodin.

A ajiye kowace takardar magani, da rasit na hoto da na aiki da na mota. Diyya ba ta tsaya ga kuɗin asibiti ba, ta haɗa da kwanakin da aka rasa na neman abinci, da nakasar da ta rage, da kayan da suka salwanta.

Wanda ba shi da kuɗin lauya ya nemi ofishin ANAJJ, hukumar da aka kafa da dokar 2011 don taimaka wa marasa ƙarfi a harkar shari'a. Tana da ofisoshi a manyan kotuna.

In kuma sulhu aka zaɓa a gaban hakimi ko mai gari, tare da sarkin ruwa, babu laifi, sau da yawa ma ya fi sauri. Amma a rubuta shi: nawa za a biya, a wane lokaci, wa ya tsaya. Kuma kar a yi gaggawar rufe magana kafin likita ya san inda raunin zai tsaya. Ƙafar da aka ce targaɗe ce yau, tana iya zama gurguntaka gobe.

Abin da ya rage wa hukuma

Duk wannan dabarar mutum ɗaya ce. Gyaran gaske yana hannun hukumomi, kuma ba duka ne ke buƙatar miliyoyi ba. Ma'aikatun magajin gari da ke karɓar haraji a mashigai suna iya ajiye littafi da alƙalami: sunan jirgi, sunan mai shi, sunayen waɗanda suka hau. Ana iya rubuta wa kowane jirgi lamba da adadin mutanen da zai ɗauka a jikinsa, yadda fasinja da kansa zai gani. Ana iya hana tashi babu rigunan ruwa, a kuma raba jirgin kaya da na mutane a ranakun kasuwa.

Sai maganar aljihu. Ko dai a faɗaɗa wajabcin asurans ya haɗa da jiragen haya masu inji, ko ƙungiyoyin masu jirgi su kafa asusu, a riƙa cire wani ɗan abu daga kuɗin kowane fasinja, hukuma na sa ido. Masu jirgi za su ce kuɗin tafiya zai ƙaru, kuma da gaskiyarsu. Amma su ma asusun kariya ne gare su, domin a yadda ake yanzu hatsari ɗaya ya isa ya raba mutum da jirginsa, ya kuma kai shi gidan kaso. Ga kuma wata fa'ida: ranar da ya zama lodi fiye da kima yana jawo biya, masu jirgi da kansu za su hana junansu.

Kafin a kai can, mai shirin tsallaka kogi ya tsaya ya dubi jirgin. In bakinsa ya kusa shafar ruwa, ya jira na gaba, kasuwa ba ta gudu. Ya kuma kira wani nasa ya faɗa masa mashigar da yake da jirgin da zai hau. Allah ya kiyaye hanya, ya ba marasa lafiya sauƙi.