Sanarwar Bayan Taro Kan Raunin Kai a Tsakanin Waɗanda Haɗari Ya Rutsa da Su

Ƙungiyar likitoci da ma'aikatan jinya masu aiki a sassan agajin gaggawa ta kammala zamanta kan yawaitar raunin kai a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi, inda mambobi suka amince da fitar da wannan sanarwa.

Taron ya yi la'akari da rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023, wanda ya nuna haɗurran hanya na cin rayuka kimanin miliyan 1.19 a shekara, fiye da kashi 90 cikin 100 a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin arziki, Afirka kuwa ita ce kan gaba idan aka auna da yawan jama'a. Mambobi sun yi ittifaƙi cewa wanda aka fi kawowa asibiti da raunin kai matashi ne a kan babur, ba hular kwano, ga gudun wuce sa'a, wani lokacin ga ƙwaya. Sai masu tafiya a ƙasa, da masu faɗowa daga gini ko bishiya, da waɗanda aka yi wa rotse.

Abin da taron ya fi daɗewa a kansa shi ne sa'o'in da ke tsakanin faɗuwa da gadon asibiti. Akan ɗauko mutum ta hannu da ƙafa, wuya yana reto, a cusa shi cikin Adaidaita Sahu. Asibitin farko ba na'urar hoton ƙwaƙwalwa, a na biyu sai dangi sun haɗa kuɗi. Wani kuma ya miƙe ya kakkaɓe riga ya ce ba komai, alhali jini na taruwa ƙarƙashin ƙoƙon kansa.

Don haka taron ya zartar:

1. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Nijeriya da takwarorinta na maƙwabta su farfaɗo da dokar hular kwano ga direba da fasinja, amma su ɗauki darasi daga 2009, lokacin da wasu 'yan acaɓa suka riƙa kifa ƙwarya a ka don kauce wa kamu. Tilastawa ba tare da an sauƙaƙa farashin hula mai inganci an kuma ja ƙungiyoyin masu babura a jiki ba, a ganin taron, ɓata lokaci ne.

2. Asibitocin Nijeriya su mutunta Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, wadda ta haramta ƙin karɓar mai buƙatar taimakon gaggawa. Magani tukuna, maganar kuɗi daga baya.

3. Gwamnatocin jihohi su horar da direbobin tasha da jami'an hanya yadda ake tallafe wuya da tsayar da jini.

4. Jama'a su garzaya asibiti da duk wanda ya bugu a ka idan ya suma ko da na ɗan lokaci ne, ko yana amai, ko magagi, ko jini ko ruwa na fita daga kunnensa ko hancinsa. Kada a ɗura masa ruwa, kada a tsaya wajen mai ɗori.

Sa hannu:
Shugaba da Sakatare, a madadin mambobi