Hilin Zaman Karkara: Daga bunu zuwa kwano, mi ya kamata mai gini shi sani?

Hatsi ya shiga rumbu, wake ya shiga buhu, tabkuna sun hwara ja da baya sun bar laka a baki. Wanga shi ne lokacin gini. Duk inda mutum ya bi, daga Korgom zuwa Kanambakashe, za shi tarad da ana kwaɓa ƙasa ana buga tubali. Wani ɗanshi za shi yi aure. Wani ɗakinshi ne damana ta kada. Wani ya samo ɗan abin hannu wajen ci-rani, shina son shi sake kamar gida. Tambayarsu guda ce: da mi za a gina, da mi za a ruhe?

Dattawa ba su manta gidan da anka haihe su ciki ba. Ɗaki ne kewayayye, bango na zana ko na laka, ruhi na bunu, darni na kara. Gamba tana nan bakin gona, ba mai saida ta. Igiya kuwa Gulbin Kaba ya wadata mutane da ita, tun da goriba ce arzikinshi. Mai gida shi sa a dama hura, shi kira gayya, kamin la'asar an ɗora kan ɗaki. A ƙasar Mayahi, inda rairayi ya yi yawa, lakar gini sai bakin tabki, saboda haka soro da shigihwa sai sarki, sai attajiri, sai babban malami.

Ɗakin bunu shina da sanyi da bazara, shina da ɗumi da hunturu. Wanga ba mai musu. Amma wuta ba ta san shi da mutunci ba. Tartsatsi guda cikin iskar hunturu shi kan cinye rabin gari har da rumbuna. A Nuwamban 2021 kowa ya ji abin da ya auku a Maraɗi: wuta ta kama azuzuwan lakwal na zana, yara hiye da 20 sunka rasu. Wanda ya gudu daga bunu saboda wuta, ba a ce ya yi wauta ba.

Ba wuta kaɗai ta kori bunu ba. Mutane sun yi yawa. Ƙidayar 2012 ta nuna gundumar Tasawa da ta Mayahi, kowace ta wuce mutum dubu 500. Gona ta haɗe da gona, saura ta ɓace, gamba ta zama haja ta kasuwa. Kara kuma, wanda da ake barin shi a gona, yanzu abincin bisashe ne, ana kimshe shi bisa icce ana saidawa da rani. Ga hwarin 1973 da na 1984, waɗanda sunka kashe itatuwa masu yawa. Shigihwa tana son azara, azarar kirki kuwa ta giginya ce, wadda gara ba ta ci da wuri. Giginya ta yi nisa, goriba ta ragu, kuma akwai itatuwan da doka ta hana a sara sai da iznin ma'aikatan gandun daji, kamar gawo da giginya. Sai mutane sunka koma ga dogon yaro da iccen turare, masu hali kuma sunka koma ga ƙarhe. Tubali ma ya sake kama. An bar mulmulallen nan da ake yi da hannu, an koma ga mai kusurwa huɗu da ake bugawa cikin akwatin katako.

Daga nan kwano ya shigo, siminti ya biyo shi. Simintin Malbaza da na Najeriya, ga su nan a kasuwa. Yau saurayin da ya dawo daga Kano ko Libiya ko wajen zinariya a Jado, abin da za shi hwara saye shi ne bandir na kwano da ƙohwar ƙarhe. Har ta kai wasu iyayen amarya su kan tambaya, ɗakin na kwano ne?

Kwano shina da kirki nashi. Ba shi son yaɓe kowace shekara, ba shi cin icce da yawa, wuta ba ta kama shi kamar bunu. Amma a gaya ma juna gaskiya. Da bazara, lokacin da zahi ke wuce awo 40, ɗakin kwano tanderu ne. Mai jego da jinjiri da tsoho ba su iya zama cikinshi da rana. Da dare ma sai a hito tsakar gida a kwanta, in ba gidan sauro, ga zazzaɓi. Da hunturu kuma sanyi shi kan sauko daga bisa kamar ana zubo shi. Dalili shi ne kwano ba shi da kauri: abin da ke waje, shi ne ciki. Ruhin laka kuwa shi kan sha rana yini guda kamin zahi shi ratsa shi.

Wanda ya riga ya sayi kwano, akwai gyara. A ɗaga bango shi yi tsawo, kada kwano shi zauna bisa kan mutane. A shimhiɗa zana ko tabarmar kaba ƙarƙashinshi, a bar tsakani kamar kamu ɗaya. A bar ƴan kahohi can bisa, bango biyu masu kallon juna, don iska mai zahi ta samu hanyar hita, a sa masu raga saboda sauro. Tagar da ba a buɗewa ba taga ba ce. Sannan a ɗaure itatuwan ruhi da waya mai kauri, a binne wayar cikin bango tun ana gini, jeri uku ko huɗu ƙasa da kai. Guguwar hwarkon damana ba ta jin tsoron dutsen da anka aza bisa kwano. Kwanon da iska ta ɗauka kuwa wuƙa ne, shi kan sari mutum, shi kan sari dabba.

Yanzu ga babbar magana, maganar ruwa. Damanar 2024 ba za a manta da ita ba. Hukuma ta ba da lissahin mutum kusan 400 da sunka rasu a cikin ƙasa duka, waɗanda abin ya shahwa sun wuce miliyan 1 da rabi, kuma jihar Maraɗi tana cikin waɗanda sunka hi jin jiki. A ƙarshen watan Agusta, birnin Maraɗi ya samu ruwa wajen milimita 150 cikin abin da bai kai awa 2 ba. Wanga ya kai kusan kashi ɗaya cikin uku na abin da Mayahi ke samu damana guda. Kwanaki kaɗan bayan haka, tsohon masallacin ƙasa na Birni a Damagaram, wanda ya haura shekara 150, ya rushe. Da yawa cikin mamatan nan ba gulbi ya ci su ba. Ɗakinsu ne ya hwaɗa masu suna kwance.

Ruwa ta wuri biyu shi ke kama ginin laka: ta ƙahwa da ta kai. Ta ƙahwa ya hi muni. Idan ruwa ya kwanta gindin bango, laka ta kan sha ta jiƙe ta yi taushi, nauyin da ke bisa shi danne ta, sai a ji rim. Saboda haka aikin hwarko ba tubali ba ne, duba wuri ne. Shekarun hwari sun ruɗi mutane. Tabkuna sun ƙahe, sai anka yanka hilaye cikinsu anka yi gidaje. Ruwa kuwa ba shi manta hanyarshi. Maraɗi kanta ta ga haka tun 1945: gulbi ya cika ya ci tsohon gari da ke cikin kwari, hukumar Nasara ta sa anka tashi anka koma bisa tudu, inda anka yanka tituna miƙaƙƙu. Kamin mutum shi sayi hili, shi tambayi tsohon da ya hi kowa shekaru a unguwa, ina ruwa ke bi shekarar da anka yi ruwa da yawa?

In an samu wuri, a haƙa tushe sai an wuce rairayi mai motsi an kai ƙasa mai tauri. Wanda kuɗinshi buhu biyar kaɗai za su saya na siminti, shi sa su nan ƙasa. Jeri biyu ko uku na dutse ko bulo, su ɗago bisa ƙasa kamar kamu ɗaya, sannan laka ta hau. A cika cikin ɗaki shi hi tsakar gida tudu, a yi dakali kewaye da bango mai gangara waje. A huda ma ruwan tsakar gida hanya, a kuma shawarta da maƙwabci, don ruwan da wani ya kora gindin bangon wani shi ke zuwa. Ramin da anka ɗebi ƙasar gini, kada a bar shi jikin gida. Kududduhi ne za shi zama, mai cin bango, mai kiwon sauro, mai cin yara.

Akwai wani kuskure da ya yi yawa yanzu. Mutum shi gina da laka, shi shahe bayan da siminti don a ce gidan zamani. Laka tana kumbura da damana tana tsukewa da rani, siminti ba shi yin haka. Shekara biyu ko uku sai shi tsage shi saki. Ruwa shi shiga ta tsagar, shi rasa hanyar hita, shi yi ta cin bango daga ciki, mai gida kuwa shina ganin waje sumul. Wanda ya riga ya yi, shi riƙa ƙwanƙwasawa da hannu: inda ya ji ƙara kamar ƙwarya, ya saki, a ɓamɓare a gyara. Maginan da sun san yaɓen makuba, wanda ake yi da ɓawon ɗorawa. Inda ba ɗorawa, laka mai ruɓaɓɓar ciyawa da kashin shanu, wadda anka bari ta kwana da yawa, ta hi siminti zama lahiya da bangon ƙasa. Sai dai tana son a sabunta ta.

Ta kai kuwa, indararo shi ne mai gadi. Shi yi tsawo, shi zuba nesa da bango, a share shi kamin ruwan hwari. Ledar da ake shimhiɗawa cikin ruhin shigihwa tana taimako, in an ruhe ta da ƙasa sosai rana ba ta ganin ta. Amma masu ƙara ƙasa bisa ruhi kowace shekara ba su rage tsohuwa ba, su sani nauyi suke tara ma azarar da gara ta riga ta ci. Azarar da ta lanƙwasa, ƙasa mai zubowa daga bisa, tsaga mai hawa daga kusurwa, ƙohwar da ta ƙi ruhuwa bayan ruwa: in an ga ɗaya cikin waɗanga, a hid da yara, a kwana makaranta ko gidan dangi.

Kada wanga bayani shi sa a raina laka. A garin Yama, jihar Tawa, wani magini manomi, Alhaji Falke Barmu, ya hwara ginin masallacin Juma'a da laka a 1962. A 1986 masallacin ya ci kyautar Aga Khan, wadda ake ba manyan gine-gine na duniyar Musulmi. A Dandaji kuma, a 2018, anka gama sabon masallaci da tubalin jar ƙasa wanda inji ke matsewa, aikin wata ɗiyar ƙasa, Mariam Kamara, da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili. Tsohon masallacin ba a rushe shi ba, an gyara shi ya zama ɗakin karatu. Masu zuwa yaƙi da jahilci ƙarƙashin rumhwar kara za su so irin wanga a garinsu.

Akwai kuma ginin da ba icce ba kwano. Dabara ce ta mutanen kudancin Masar, wata ƙungiya mai suna Development Workshop ta kawo ta Cikal, ƙasar Filinge, a 1980, daga baya anka koya ma magina a wurare da yawa. Da ƙananan tubala ake ruhe ɗakin, a lanƙwasa su kamar baka ko kamar kihwaffiyar ƙwarya, kowane tubali shina danne ɗan'uwanshi. Ɗakin shina da sanyi, gara ba ta da abin ci, wuta ba ta da abin kamawa. Amma ruhin shina tura bango waje, saboda haka bango shi kan so kauri ƙwarai, kuma yaɓen bisa ba a wasa da shi. Wanga ba aikin gani-in-yi ba ne. In ba maginin da ya koya a hannu, kada a gwada shi bisa kan iyali.

Icce ma ya hwara dawowa. Tun wajejen 1984 manoman jihar Maraɗi sunka kama sassaben zamani: maimakon a sare tohon kututture duka, a zaɓi biyu ko uku masu ƙarhi a bar su, a riƙa yi masu aski. Wanda ya yi haka da sabara da kalgo, cikin ƴan shekaru shina da sandunan rumbu da dirkokin rumhwa daga gonarshi, ba ya saya ba.

Makiyaya kuwa, Hulani da Buzaye, bukkarsu da tantin tabarma sun dace da mai bin ciyawa, ba abin kunya ba ne. Sai dai tampol da leda da sunka maye tabarma suna tara zahi, rana kuma tana cinye su cikin shekara guda. Waɗanda sunka zauna wuri ɗaya suna son gini, su nemi takardar hili ga hukuma tun kamin su buga tubali. Manoma su ma kada gari shi yi girma shi hau burtali ko shi toshe hanyar mashaya. Rigima da yawa daga bango guda ta kan taso.

Wani abu da ke ɓacewa shiru shi ne zaure. Sababbin gidaje sai ƙohwar ƙarhe da shago a gaba. Shago shina kawo kuɗi, gaskiya ne. Amma baƙo ina za shi sauka, sulhu ina za a yi shi, karatun dare ina za a zauna? Wanda hilinshi ya isa, shi bar ma zaure wuri ko da ƙarami ne. Salga kuma a yi ta nesa da rijiya, taki 30 ko hiye, madahi shi nisanci rumbu da tarin kara.

Mai niyyar gini bana shi buga tubalinshi yanzu, tun tabki bai ƙahe ba. Shi bar shi shi bushe sarai, shi gwada guda: a sako shi daga tsayin ƙugu, in ya wargaje, rairayi ya yi yawa, a ƙara laka da ciyawa. A gama ruhi da yaɓe kamin bazara ta tsaya. Wata mai zuwa hilin ga za shi duba ginin rumbu da maganin gara da ɓera.