Wa Ya Cinye Sojojin Rum?

An saba ɗora laifin ƙarancin sojojin Rum a kan ragwancin samarinta, ko kuwa a kan Mariyus, wanda ya buɗe wa matalauta ƙofar runduna a shekarar 107 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Wannan hukunci na son zuciya ne, domin ya wanke waɗanda hannunsu ke dumu-dumu cikin ɓarnar.

A tsarin Rum na farko, ba a ɗaukar mutum soja sai yana da abin hannunsa, galibi gona. Ƙaramin manomi zai tafi yaƙin Sifaniya ya shafe shekaru, ya komo ya tarar gonarsa ta shige cikin gandun wani attajiri, bayi ne ke nome ta. Daga ranar sunansa ya fita daga sahun waɗanda doka ta yarda a ɗauka. Ashe ba namijin aka rasa ba, gonarsa aka cinye. Da Tiberiyus Girakus ya kawo dokar rabon filayen hukuma a shekarar 133 don farfaɗo da waɗannan manoma, 'yan majalisar dattawa da mabiyansu suka kashe shi da kulake, aka jefa gawarsa cikin kogin Taiba. Kango kawai Mariyus ya gada.

Bayan ƙarni biyar ba ta sake zane ba. Masu manyan gandaye sun gwammace su ba hukuma zinariya da su saki ma'aikacin gona ɗaya, hukumar ma zinariyar take so. Talakawa kuma suka shiga yanke manyan yatsunsu don su kuɓuta. A shekarar 367 Miladiyya aka rage tsawon da ake nema ga sabon soja. Ba da jimawa ba Sarki Balentiniyan ya yi umarnin a ƙone mai yanke yatsa da ransa. Duk wanda zai iya datse yatsansa da wuƙa, ai ba rago ba ne. Ya dai auna abin da daular ke ba shi da abin da take karɓa.

A shekarar 376 Sarki Balens ya bar Gotawa suka ƙetaro kogin Danub, yana murnar samun mayaƙa a ɓagas da ƙarin zinariya daga larduna. Jami'ansa suka matsa musu da yunwa har suna musayar 'ya'yansu da naman kare. Bayan shekara biyu, a Adiriyanofil, Gotawan nan suka hallaka shi tare da kashi biyu cikin uku na rundunarsa.