Dutsen Washi Kafin Inji

Duk ma'aikacin da ya ce yana sha'awar koyon aikin katako a ranakun hutu, shawarar farko da ake ba shi ita ce ya tara kuɗi ya sayi zarton lantarki. Wannan shawara ta kashe wa mutane da yawa sha'awa tun ba su fara ba. Injin na bukatar wuta, wutar na bukatar janareta, ga ƙarar da za ta haɗa ka faɗa da maƙwabta. Ƙarshenta injin ya kwanta a kwali.

Abin da mai koyo ke bukata kaɗan ne: zarto, guduma, kurfi biyu, sikwaya, abin kankare fuskar katako, sai dutsen washi. Na ƙarshen ya fi sauran muhimmanci, kuma shi ake rainawa. Yawancin masu cewa aikin hannu wahala ne ba su taɓa riƙe ƙarfe mai kaifi ba, domin sabon kurfi daga kasuwa yakan zo da baki dakushe. A goge bayansa ya kwanta sumul, a wasa bakin a kusurwar digiri 25 zuwa 30, sannan a gwada shi a kan guntun malaina. Idan ya fitar da ɓawo siriri mai naɗewa, ya yi. Idan gari yake zubarwa, a koma kan dutse. Mako guda a kan wannan kaɗai ba asara ba ne.

Za a ce inji ya fi sauri. Gaskiya ne, kuma kafintan da ya karɓi kwangilar bencin makaranta ɗari ba shi da zaɓi. Amma kai da kake son teburin karatu guda, saurin me kake yi? Inji yana yanka ko katako ya bushe ko bai bushe ba. Hannu kuwa yana jin nauyin ɗanyen katako, yana jin inda zaren itacen ya juya. Wanda bai koyi wannan ba zai haɗa teburinsa da damina da katakon da bai sha iska ba, hunturu ya zo ya tsage masa shi.

Masassaƙanmu da gizago suke fafe turmi daga ƙirya, itacen da ke dakusar da ƙarfe saboda tauri. Mai digiri yakan wuce su a kasuwa ya je yana neman malami a YouTube, alhali yini ɗaya a gefensu zai nuna masa yadda ake wasa ƙarfe.