"To, Ina Malam A Ciki?"



Watan jiya Babanmu ya cika shekara biyu da rasuwa, Allah Ya jiƙansa. Mu 'ya'yansa muka zauna mu rubuta wani abu na tunawa da shi, tunda a gida kallon masu alƙalami ake mana. Ga abin da muka rubuta: mutum ne mai haƙuri, mai zumunci, mai riƙon amana, ba ya wasa da salla. Duk gaskiya ne. Amma da muka karanta wa Innarmu, sai ta yi shiru, can ta ce, "Wannan ai baban kowa ne. To, ina Malam a ciki?"

Maganar ta dake mu, don ta taɓo wata cuta da ke damun da yawa daga cikinmu. Mun iya jera kalmomin yabo, amma ba mu iya nuna mutum ba.

Babanmu awon hatsi yake yi, yana saro gero da dawa daga Dawanau. Bai taɓa zaunar da mu ya yi mana wa'azi a kan amana ba. Amma ranar da yayanmu ya tauye wa wata tsohuwa tiya saboda sauri, ko yatsa bai ɗaga masa ba. Kwano ya ɗora masa a ka, ya ce ya bi ta har gida ya cika mata, ya ƙara gyara, ya kuma durƙusa ya ba ta haƙuri. Bayan rasuwarsa muka buɗe littafin bashinsa na ajami, muka tarar ya ja layi a kan sunaye da dama, a gefen kowanne ya rubuta "na yafe". Ko Inna ba ta san da wannan ba. Kuma mutum ne mai zafi, ba ya yaba ɗa a gaban idonsa. Da ɗayanmu ya kawo masa takardar difiloma, "to, madalla" kawai ya ce. Sai a zaman makoki muka ji cewa rumfa-rumfa ya bi da ita yana nuna wa abokan sana'arsa.

Wannan shi ne Malam ɗin da Inna ta nema ta rasa.

Mu duba labaran da muke turowa a wannan zaure. Uba iri biyu ne galibi: ko dai mai auren dole, ko kuwa wanda ya mutu tun a babi na farko don jaruma ta zama marainiya. Ba mu ce babu irinsu a gari ba. Hajiya Balaraba Ramat Yakubu ta fito da uban da ya cire 'yarsa daga makaranta a Wa Zai Auri Jahila?, kuma ta yi daidai, don abin da ta gani a cikin al'umma ta rubuta. Mu kuwa sau da yawa daga littafi muke kwafo uban, alhali ga namu a zaure yana sauraren rediyo ba mu taɓa lura da shi ba.

Wani zai ce rubuta uba da halayensa tonon asiri ne, kuma an hore mu da ambaton alherin mamatanmu. Haka ne, akwai abin da bai kamata ya wuce soron gida ba. Amma faɗin cewa Babanmu yana da zafi bai rage masa komai ba. Shi ne ma ya sa labarin takardar nan yake sa mu hawaye.

Kuma kada mu jira sai an yi sadakar uku. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya rubuta Infaƙul Maisuri a 1812, ya adana labarin mahaifinsa Shehu Usmanu Ɗanfodiyo tun Shehu yana raye, don sai a 1817 ya rasu. Mu kuwa mun sha jin Baba yana cewa farin 1973 ne ya koro shi daga ƙauye yana yaro, amma ba mu taɓa gyara zama mun ce ya ba mu labarin ba. Kullum sai gobe. Yanzu labarin yana ƙarƙashin ƙasa tare da shi.

Don haka ga aikinmu na wannan mako. Wanda mahaifinsa ke raye, ya je ya gaishe shi, ya nemi izini ya kunna rikodar waya, ya tambaye shi sana'arsa ta farko da wanda ya koya masa. Wanda nasa ya rigaya, ya nemi inna ko baffa ko tsohon abokinsa. Sannan kowa ya rubuto mana abu ɗaya da ya faru a rana ɗaya, ba tare da kalmar "mutumin kirki" ba. Kafin ku turo, ku karanta wa wanda ya san shi. In ya ce "wallahi shi ne", to kun yi rubutu.

Allah Ya jiƙan iyayenmu da suka rigaye mu, Ya ƙara wa na raye lafiya da nisan kwana. Amin.