WA KE RAINON MAI RAINO?

Masu rubuto mani suna tambayar kashi na biyu na littafina, don Allah ku ƙara haƙuri, yana wajen masu ɗab'i. Yau dai mu ajiye zancen lefe da ƙunshi a gefe, mu yi maganar yarinyar nan da kusan kowane gida akwai ta, amma ba a sanin amfaninta sai ran da zazzaɓi ya kwantar da ita. Ina nufin Yaya babba 'yar fari, ko ƙanwar uwargida, ko 'yar da aka ɗauko daga ƙauye don ta taya raino.

Mu nan Unguwar Dosa unguwa ce ta ma'aikata da 'yan kasuwa. In kika tsaya a College Road, wajen makarantar nan ta tunawa da Sardauna da muke kira SMC, da misalin ƙarfe bakwai na safe, za ki ga ikon Allah. Malamai mata da jaka a kafaɗa, nas-nas cikin fararen kaya, ma'aikatan ofis suna tsaida Keke Napep, masu shago a Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi suna sauri, wasu sun nufi Kawo, wasu sun nufi titin Ali Akilu za su cikin gari. Kowa ta kanta take yi. To a cikin wannan hada-hadar sai ki hango ta, yarinya 'yar shekara sha huɗu ko sha biyar, sanye da yunifom ɗin sakandare, ta riƙo hannun ƙane ɗaya a dama, ɗaya a hagu, ga fulas ɗin abinci biyu a rataye, ga jakarta a baya, tana ja suna tirjewa. Makarantar yaran daban, tata daban, kuma sai ta sauke su kafin ta kama hanyar tata.

Kin san ƙarfe nawa ta tashi? Tun kiran sallar farko. Ita ta hura wuta ko ta kunna risho, ita ta ɗora ruwan wanka, in famfo bai kawo ba ita ta leƙa neman mai ruwa. Ta wanke wannan, ta shafa wa wancan mai, ta nemo safar da ta ɓata tun jiya, ta soya ƙwai ko ta dafa Indomie, ta raba kuɗin tara. Sau da yawa ita shayin ma a tsaye take kurɓarsa, wani lokaci sai ta je aji take tuna ba ta karya ba. Tana isa bakin ƙofar makaranta an riga an rufe, ga mai bulala yana jira, ko a ce ta tsince takardun fili, ko ta durƙusa har a gama darasin farko. Ba wanda zai tambaye ta dalili. Sunanta kawai mai makara.

Abin da ke ci mani rai shi ne, makarantu da yawa da safe suke sa Lissafi da Turanci, lokacin da kai yake a buɗe. Mu ɗan yi lissafin tare. Darasi ɗaya minti 40 ne. In yarinya tana rasa shi sau uku a mako, awa biyu ke nan. A zango mai mako 12 ta rasa awa 24 cur, a darussan da in ba ta ci su ba sai dai ta sake zama. Kowace 'yar aji shida ta san in ba ki da kiredit biyar har da Turanci a WAEC ko NECO, to ƙofar jami'a sai dai ki hange ta daga nesa. Ran da sakamako ya fito kuwa, sai ki ji uwar da kanta tana cewa ai ita wannan ba ta da ƙoƙari, ƙanenta ne mai kai. Haba Umma! Ƙanen nan wa ya goya shi har ya yi kan?

Kada wata ta ce na zo raba uwa da 'yarta. Wallahi ko kusa. Taya uwa aiki tarbiyya ce, kuma duk macen da ta iya riƙe gida a gaban uwarta ta koya. Iyayen nan mata su ma a matse suke. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haye 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta haura dubu a wurare da dama, kuɗin Keke da na kayan miya suka bi ta a guje. An ɗaga mafi ƙarancin albashi daga naira 30,000 zuwa 70,000 a 2024, amma ki tambayi duk mai cefane ta faɗa maki inda yake tsayawa. Albashin maigida shi kaɗai ba ya kai wata a gidaje da yawa, dole uwargida ta fita. In ta fita kuma dole wani ya riƙe yaran.

A nan ne maganar hutun haihuwa ta shigo, kuma ina so 'yan mata masu shirin aiki su riƙe ta. A 2019 gwamnatin jihar Kaduna ta amince da hutun haihuwa na wata shida ga mata ma'aikatanta, don ya dace da shawarar likitoci ta a ba jariri nono zalla har wata shida. Madalla da wannan. Amma mai koyarwa a makarantar kuɗi fa, ko mai aiki a kamfani? Dokar ƙwadago ta ƙasa mako 12 ta tanada, shida kafin haihuwa shida bayanta, da aƙalla rabin albashi ga wadda ta kai wata shida tana aikin, sai rabin awa sau biyu a rana don shayarwa in ta koma. Mai saida atamfa a kasuwa kuwa ba ta da hutu sai wanda ta ba kanta, wata ana gama wankan jego ta buɗe shago. To jaririn da bai iya zama ba, wa za a bar wa? In akwai kaka a kusa an huta. In babu, sai ido ya faɗa kan Yaya babba, ko a aika gida a ce a turo yarinya.

Ita wannan ta ƙauyen tata ta fi ban tausayi. Ana zuwa ɗaukarta da daɗin baki, a ce wa iyayenta ai makaranta za a sa ta a Kaduna, za a yi mata kayan ɗaki in aure ya zo. Shekara ta zagayo, biyu ta wuce, makarantar da ta sani ita ce bakin ƙofar ta 'ya'yan gida, inda take tsayawa da rana tana jiran a tashe su. Ta iya sunan kowane malami, ta iya waƙoƙin nazare kaf don tana ji ana yi, amma ba ta iya rubuta sunanta ba. Alhali tun 2004 dokar UBE ta wajabta wa kowane yaro karatun shekara tara kyauta, firamare shida da ƙaramar sakandare uku, kuma a 2018 jihar Kaduna ta yi tata dokar ta kare haƙƙin yara. Doka ba ta ce ban da 'yar raino ba. Uwargida, ki ji tsoron Allah, 'yar wani ce aka ba ki amana, ita ma uwarta wata tara ta ɗauke ta.

Sai mu waiwayi mazan gidan, don na lura in ana wannan zance sai su yi kamar ba da su ake ba. Maigida yana da babur ko mota, hanyarsa ta ofis ta gaban makarantar yaran ta bi, amma sai ya ce shi yana sauri. Da yamma kuma yana majalisa har bayan isha'i ana musun ƙwallo da siyasa. Ɗan saurayin gidan, wanda ya girmi yarinyar ma, shi aikinsa ya tashi ya tarar da ruwan zafi. Yo in ya riƙe hannun ƙanensa ya tsallakar da shi titi, gemunsa zai fasa fitowa ne? Hatta gwamnatin tarayya a 2021 ta amince wa ma'aikatanta maza hutun kwana 14 in matansu sun haihu. Malamanmu na Islamiyya kuma kullum suna karantar da mu yadda Manzon Allah (SAW) yake taya iyalinsa hidimar gida. Ban san inda wasu suka samo tasu sarautar ba.

Ƙanwata 'yar makaranta, na san abin da ke ranki: ta yaya zan faɗa ba a ce na yi rashin kunya ba? Kada ki yi da safe ana cikin hayaniya, kada kuma ki yi da kumbure-kumbure da buga kwanuka. Ki bari sai dare, yara sun yi barci, ki je ki zauna kusa da ita, ki ɗauko littafinki na Lissafi ki buɗe mata shafukan da ba komai. Ki ce, "Umma, don Allah ina da magana. Kin ga nan, duk ranakun da na makara ne. Ko za a roƙi Baba ya riƙa sauke su, ni kuma in na dawo in ɗauko su?" In gidan yayarki kike, ki ce, "Anti, ki taimake ni, jarrabawa ta matso." Uwa ba ta ƙin ci gaban 'yarta, sau da yawa ba ta lura ba ne, gajiya ta rufe mata ido. In maganar ta fi ƙarfinki, akwai Gwaggo, akwai Inna, akwai malamarku ta aji.

Dabarun rage wahalar kuwa sanannu ne. A goge yunifom da dare, a haɗa jaka da takalmi wuri ɗaya, a tara ruwa tun yamma. Wanda ya fi burge ni shi ne abin da wasu maƙwabta suke yi a layinmu, kamar adashi: gida huɗu suka haɗa kuɗi suka ɗauki mai Keke ɗaya wanda suka san gidansu da iyayensa, shi ke kai yaran ya dawo da su, iyaye mata kuma suna karɓa-karɓa wajen raka su. Tun da suka fara, 'yan matan gidajen ba wadda ta sake shan bulalar makara. Sai dai a kula, a gaya wa makaranta sunan mai ɗauko yaro, kada a miƙa shi ga duk wanda ya zo ya ce Mamansa ce ta aiko.

Na so in tsallake maganar Juma'a amma ba zan iya ba. A Disambar 2021 gwamnatin jiha ta mayar da aikin ma'aikatanta kwana huɗu a mako, a Janairun 2022 makarantun gwamnati suka bi sahu. Uwar da ke aikin jiha ta samu ranar zama da 'ya'yanta, ta ji daɗi. Amma wadda ke banki ko kasuwa ko aikin tarayya, Juma'arta tana nan daram, sai ta fita ta bar wa Yaya babba gidan tun safe har yamma, ga shi Islamiyyu da yawa Alhamis da Juma'a suke hutu. Ranar da aka ce ta bita ce sai ta koma ranar wankin kayan mako.

Har wajen yawon sallah ba ta tsira ba. A shirya yara tsaf, a tafi Ƙofar Gamji, wurin shaƙatawar nan na Hassan Usman Katsina da ke bakin kogin Kaduna. Kowa yana wasa yana ɗaukar hoto, ita tana gindin bishiya da goyo, tana gadin takalma da kular abinci. A wurin nan fa akwai gadar ƙarfe ta Lugga, wadda aka gina a Zungeru a 1904 aka ciro ta aka kawo Kaduna a 1954. 'Yar sakandare ce ya kamata a nuna wa wannan, ita da ke karanta tarihi, amma jaririn da ba zai tuna komai ba shi aka zo da shi yawo, ita aka zo da ita aiki. Haka in an je gidan adana kayan tarihi na titin Ali Akilu, wanda aka buɗe a 1975, ko Arewa House da ke Rabah Road, gidan da Sardauna Ahmadu Bello ya zauna har zuwa Janairun 1966. Duk ga su nan kusa da mu, kuɗin Keke kaɗan ne, amma ki tambayi 'yan matan layinku nawa suka taɓa shiga.

In za a fita irin wannan, manya biyu ya kamata su tafi, a raba yaran tun daga gida, kowa ya san nasa. A ƙirga su kafin a hau Keke, a ƙirga in an sauka, kada a bar ƙarami ya matsa bakin ruwa ko da da tafiya ɗaya, balle da damina kogin ya cika. Duk yaron da ya iya magana a koya masa cikakken sunan babansa da sunan unguwa, don ranar sallah cunkoso ba ya barin uwa ta ji kukan ɗanta. Sannan Umma ki karɓi goyon nan ko na awa ɗaya ne, ki ce wa Yaya babba ta je ta hau gadar, ta sha askirim ɗinta a zaune, a ɗauke ta hoto ita kaɗai da sabon ɗinkinta.

Masu raino da ke karanta wannan shafi, ku rubuto mani yadda taku safiyar take, ba sai kun sa suna ba, sunan unguwa ya isa. A fitowa ta gaba in Allah ya kai mu zan kawo wasiƙunku, har da ta iyaye mata in sun ga ban yi masu adalci ba. A gaida yara.

Taku har kullum.